Kafin ka cike likitancin dabbobi a fom ɗin JAMB, zauna ka yi wannan lissafin

Duk shekara idan JAMB ta saki sakamako, tambaya ɗaya ce ke yawo a Agege da Mile 12 da Idi-Araba: "Yaron ya samu 240, za su ɗauke shi likitan dabbobi?" Wanda ya san harkar ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba. Sai ya fara tambayar wace jami'a aka sa a zaɓin farko, wace jiha aka rubuta a fom, me ya samu a WAEC ko NECO, kuma a zama nawa. Makin JAMB shi kaɗai hangen Dala ne, ba shiga birni ba.

Abu na farko da ya kamata mazaunin Legas ya sani: a nan garin babu inda zai karanta wannan fanni. Jami'ar Legas ba ta da tsangayar likitancin dabbobi, haka jami'ar jiha da ke Ojo. Mafi kusa su ne Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta da Jami'ar Badun, kuma duka biyun jirgin ƙasan da ke tsayawa a tashar Agege yana kaiwa garuruwansu. Sai Jami'ar Ilori. A Arewa akwai Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ita da ta Badun suka fara horar da likitocin dabbobi tun shekarun 1960, sai Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Maiduguri, Bayero ta Kano, Jami'ar Jos, ta Abuja, da ta Makurdi. A Gabas akwai Nsukka da Umudike. Ke nan tun daga ranar cike fom an riga an yanke shawarar barin gida na shekara shida, kuma wannan magana ce ta iyaye kafin ta zama ta yaro, musamman idan 'ya mace ce.

Takardun da ba a sassauci a kansu

Darussan JAMB guda huɗu ne: Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Wanda ya sa Lissafi ko Aikin Gona a madadin ɗaya daga cikinsu ya fitar da kansa tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa, ko da ya ci 300. Wannan kuskuren ya fi faruwa da yaran da ke ganin ai harkar dabbobi harkar noma ce, ko waɗanda suka bar ma'aikacin cibiyar rajista ya zaɓa musu. Ka duba allon kwamfutar da idonka kafin a danna aikawa, ka karanta takardar da aka buga maka tun kana tsaye a wurin.

A sakamakon sakandare ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. D7 ba kiredit ba ne, komai kyan sauran. Batun zama kuma kowace jami'a da nata. Wasu suna karɓar haɗin WAEC da NECO, wasu suna fifita wanda ya kawo biyar ɗin a zama ɗaya. Badun, alal misali, ƙa'idarta kiredit biyar a zama ɗaya ko shida a zama biyu. Wanda bai ga sakamakonsa ba lokacin rajista yana iya cikewa a matsayin mai jira, amma da zarar ya fito dole ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinsa na CAPS, wato tsarin da hukumar ta fara amfani da shi a 2017 wajen bayar da gurbi. Idan ba a ɗora ba, jami'a ba za ta iya tura sunanka ba ko tana so. Ana rasa gurbi ta wannan hanyar fiye da yadda mutane ke zato, kuma abin takaicin shi ne yaron yakan zauna yana jira har a rufe, bai san abin da ya riƙe shi ba.

Sai sunaye. Lambar NIN ce ke jawo sunanka da ranar haihuwarka zuwa JAMB. Mu kuwa suna ɗaya sai a rubuta shi kala uku: Muhammad a NIN, Mohammed a WAEC, Muhammadu a takardar haihuwa. Wani an sa masa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi a wata takarda, a wata kuma babu. Wannan ba ya hana a ba ka gurbi, amma ranar tantance takardu zai tsayar da kai a layi kana neman takardar rantsuwa ta kotu. A gyara tun kafin rajista. Shekaru kuma sai 16 sun cika.

Yadda ake haɗa makin

Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. A sakamakon farko na 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Shi ya sa 240 ke yi wa iyaye kama da babban abu, kuma ba laifi, ƙoƙari ne. Amma masu neman likitancin dabbobi ba da waɗancan miliyan ɗaya da rabin suke gasa ba. Haka ma 150 da aka tsayar a shekarar a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, ba abin da ya haɗa shi da wannan fanni. Ƙasa ce kawai da ba a yarda wata jami'a ta sauka daga kanta ba.

Abin da ke yanke hukunci shi ne haɗaɗɗen maki bisa 100, wanda kowace jami'a ke fitarwa da irin nata lissafin. Ɗauki na Badun, don shi ya fi sauƙin ganewa. Sai ka kai 200 a JAMB kafin a kira ka jarrabawar tantancewa ta jami'ar, wadda aka fi sani da Post-UTME. Daga nan a raba makin JAMB gida 8, a raba na tantancewar gida 2, a haɗa. Mu ƙaddara yara biyu. Na farko ya ci 296 a JAMB, ya samu 37, a tantancewa ya ci 54, ya samu 27, jimilla 64. Ta biyu ta ci 264, ta samu 33, a tantancewa ta ci 68, ta samu 34, jimilla 67. Ta wuce shi, alhali ya ba ta ratar maki 32 a JAMB. Maki ɗaya a tantancewar daidai yake da huɗu a JAMB. Duk da haka za ka ga yaro ya shafe wata shida yana bitar JAMB, da sakamako ya fito sai ya ajiye littafi ya koma taya Baba tsaron shago, ya tuna da tantancewar saura kwana biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu jami'o'in kuma suna sa sakamakon sakandare cikin lissafi. A wani tsari da ya yaɗu, ana ware masa maki 20: A1 na da 4, B2 na da 3.6, B3 na da 3.2, a haka har C6 mai 2. Mai C6 biyar ya tashi da 10, mai B3 biyar ya tashi da 16. Wannan ratar ta maki 6, idan ana raba JAMB gida 8, sai an ci ƙarin maki 48 kafin a cike ta. Saboda haka wanda takardarsa ta cika da C5 da C6 ya nemi jami'ar da ta fi ba jarrabawar tantancewa nauyi, inda yake da sauran damar gyarawa. Mai A da B kuwa ya nemi inda za a ƙirga masa su. Tsarin yana canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar bana ta jami'ar ce abin dogaro, ba abin da wani yayanka ya tarar shekara huɗu da suka wuce ba.

Ƙofa uku, kuma ba kowa ke da dukkansu ba

Nan ne lissafin Bahaushen Legas ya bambanta da na kowa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla, wanda kowa daga ko'ina ke iya shiga, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko. Waɗannan na ƙarshe su 23 ne: jihohin Arewa 19 gaba ɗaya, da Bayelsa, Ribas, Kuros Riba da Ebonyi. Legas ba ta ciki. Idan tsangaya tana da gurbi 60, a misali, 27 na cancanta ne, 21 na yanki, 12 na rukuni na uku. Kowane rukuni da inda layinsa yake tsayawa, wato mafi ƙarancin makin da ake ɗauka da shi, kuma na cancanta ne ya fi tsawo.

Abin da ake dubawa jihar asali ce, wadda ka rubuta a fom, ba unguwar da kake kwana ba. Yaron da aka haifa a Agege, ya yi firamare da sakandare a nan, yana jin Yarabanci kamar ɗan gari, amma fom ɗinsa ya ce Kano ko Katsina: idan ya nemi Abeokuta ko Badun ƙofa biyu yake da su, ta cancanta da ta rukuni na uku. Idan ya nemi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta a Arewa, ukun duka a buɗe suke gare shi.

Sai dai kada a yi saurin cewa ai Arewa ta fi sauƙi. A Zariya ko Sakkwato kusan duk wanda ke layi tare da kai ɗan yankin ne kuma ɗan rukuni na uku ne, ke nan abin da ka ɗauka fifiko kowa yana da shi. A Kudu maso Yamma kuwa 'yan Arewa mai nisa ba su cika nema ba, wannan na iya sa layin rukuni na uku ya sauko ƙasa da na cancanta. Amma ka tuna cikin rukunin akwai 'yan Kwara da Kogi da Binuwai, waɗanda ke neman Badun da Abeokuta da yawa, kuma da makinsu mai nauyi suke zuwa. Guraben 'yan kaɗan ne, jihohi 23 ke raba su.

Akwai masu rubuta Legas a matsayin jihar asali don su faɗa cikin kason yanki. Ranar tantance takardu za a nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuma dole ta dace da abin da ke fom. Iyalan da suka yi zuriya a nan har suna da hanyar samun wannan takarda ta halal, su nasu daban ne. Wanda ba shi da ita ya jefar da ƙofar da yake da haƙƙi a kanta, ya kama wadda ba za ta buɗe masa ba. Haka kuma wanda ya rubuta jihar kakanninsa ya tabbata wani ya je ƙaramar hukumar ya karɓo takardar tun da wuri. Aiki ne da ake aikawa gida, kuma yakan ɗauki makonni.

To yaya za ka auna kanka?

Nemo makin da tsangayar ta tsaya a kai a shekara biyu ko uku da suka wuce, na rukunin da kai za ka faɗa, ba na cancanta kaɗai ba. Wasu jami'o'in suna bugawa a shafinsu. Inda ba a bugawa, ɗaliban aji ɗaya da aji biyu na tsangayar sun san da nawa aka ɗauke su, kuma maganarsu ta fi ta shafukan da ke kwafe wa juna lambobi. Sannan ka lissafa naka da tsarin jami'ar. Makin tantancewar da ba ka riga ka zauna ba, kada ka sa abin da kake fata. Ɗauki tsofaffin tambayoyi, sa agogo, yi sau uku, ka ɗauki mafi ƙanƙantar sakamakon.

A ganina, idan ka haura layin mafi tsawo na shekarun nan da maki 5 ko fiye, kana da ƙarfi. Idan kana cikin maki 2 ko 3 sama ko ƙasa, kana bakin gaɓa, kuma shekara ɗaya mai cunkoso ta isa ta tura ka waje. Idan ratar ta fi haka a ƙasa, canza jami'a ko fanni tun ana karɓar canji ya fi zaman jiran tsammani.

Dalilin barin wannan tazarar shi ne masu neman likitancin mutane. Duk shekara ɗaruruwa daga cikinsu ba sa samun gurbi, da makinsu na 280 da 290, sai su juyo nan ta hanyar canjin fanni, ko jami'ar da kanta ta miƙa musu. Ba sa cikin lissafin masu nema na farko, amma su ne ke ɗaga layin a ƙarshe. Kujerun kuma ba sa ƙaruwa don masu nema sun ƙaru, domin yawan ɗalibai yana tafiya ne da yawan malamai da ƙarfin asibitin koyarwa, kuma Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya tana sa ido a kai. Ita ce ke yi wa likita rajista bayan ya gama, don haka kafin ka sa sabuwar tsangaya a fom, ka bincika matsayin amincewarta a wurin majalisar.

Zaɓi na biyu a fom, a wannan fanni, kusan ado ne. Jami'o'in tarayya masu cunkoso waɗanda suka sa su a farko kawai suke kira.

Tashi cikin dabbobi ba ya ƙara maki

Wannan yakan yi wa mutanenmu ciwo. Yaron da ya tashi a mayankar Oko-Oba ko kasuwar shanu ta Kara ta hanyar Badun yana iya duba haƙorin sa ya faɗi shekarunsa, ya san saniyar da boru ya kama daga yadda take dalalar da miyau tana ɗingishi, ya san sammore da kirci da ciwon huhu tun bai iya rubuta sunansa ba. A Amurka da Ingila irin wannan gogewa tana shiga takardar nema, ana tambayar lokacin da mai nema ya shafe a gona ko asibitin dabbobi. A Najeriya babu gurbin rubuta ta a fom. Kwamfuta lamba take gani.

Amfaninta yana gaba. Ranar da aka ce a kayar da bijimi a ɗaure, ko a ɗebi jini a jijiyar wuyan rago, shi zai nuna wa 'yan ajinsu. Kuma kafin nan tana da wani amfanin: ta gaya maka ko aikin ya dace da kai. Wanda bai tashi a ciki ba ya je mayanka da asuba ya tsaya kusa da masu duba nama. Zai ga an tsaga hanta, tsutsotsi masu faɗi kamar ganye suna fitowa daga magudanar ɗaci. Zai ga huhu mai ƙulli-ƙullin tarin fuka, wanda idan wuƙa ta bi ta kai sai ka ji kamar yashi. Zai kuma ga fuskar mahaucin da aka ce masa wannan naman ba zai shiga kasuwa ba, bayan ya biya kuɗin sa. Faɗa wa mutum haka, a tsaya a kai, rabin aikin ke nan.

Akwai kuma abin da gara a tattauna a gida tun yanzu. Manhajar ba ta shanu da tumaki da kaji ba ce kaɗai. Akwai doki, akwai kare, akwai alade. Za ka feɗe gawar kare da aka jiƙa a sinadarin da ke sa ido hawaye, za ka yi wa mai rai tiyata, za ka shiga garken aladu a zagayen asibiti. Kuma wanda zai dawo Legas ya yi aiki, asibitocin dabbobi masu zaman kansu na Lekki da Ikeja yawancin marasa lafiyarsu karnuka ne, sai kyanwoyi, sai gonakin kaji na bayan gari. Musulmi da yawa sun yi karatun sun gama lafiya da safar hannu da rigar aiki da sanin hukuncin tsarki. Amma wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, gara ya sani kafin ya kai aji biyu.

Shiga ma ba ita ce ƙarshen tacewa ba. Aji ɗaya kimiyyar share fage ce. Daga aji biyu ake shiga ilimin ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, sannan ilimin cututtuka da ƙwayoyinsu da magunguna, sai shekarun asibiti na ƙarshe. A ƙarshen kowane mataki akwai jarrabawar ƙwarewa: wanda ya faɗi a sake ba shi dama, ya maimaita aji, ko a mayar da shi wani fanni. Wanda Kemistiri ke ba wahala tun sakandare ya ɗauki wannan da muhimmanci.

Idan bana ba ta yi ba

Ka riƙa duba CAPS da kanka, kada ka bar wa mai shagon intanet lambar sirrinka. Idan an ba ka gurbi, mako huɗu kake da shi ka karɓa ko ka ƙi. Idan jami'a ta nemi mayar da kai wani fanni, kamar kimiyyar kiwo, saƙon zai fito a nan kuma sai ka amince. Kada ka karɓa da niyyar "in na shiga zan koma": sauya sheƙa zuwa likitancin dabbobi daga ciki abu ne mai wuya, kuma ya dogara da ko akwai kujerar da ta rage.

Hanyoyin da suka fi tabbas uku ne. Ko ka sake JAMB, ka yi amfani da shekarar ka ɗaga sakamakon sakandaren idan shi ne ya ja ka ƙasa. Ko ka yi shirin share fage na kusan shekara ɗaya, IJMB da ke ƙarƙashin Ahmadu Bello ko JUPEB da jami'o'in Kudu suka fi amfani da shi, a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, ka nemi shiga kai tsaye aji biyu. Amma ka fara tabbatar jami'ar da kake so tana karɓar wanda ka zaɓa, kuma ka sani guraben shiga kai tsaye sun fi na JAMB ƙaranci. Ko kuma ka yi difiloma a lafiyar dabbobi a kwalejin tarayya ta Badun ko ta Vom kusa da Jos, garin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924. Wannan ta ukun ta fi tsawo, kuma sai da sakamako mai ƙarfi ake duba mai ita, amma ko ba a samu wucewa jami'a nan take ba, akwai takardar aiki a hannu, kuma gonakin kaji na Ikorodu da Epe da hanyar Abeokuta suna ɗaukar masu irinta.